Notunan Baba Sai-Gobe

Duk wanda ya taɓa kai masa aiki ya san inda ya samo sunan. Ka kai masa kujera mai ƙafa uku, zai juya ta, ya shafa ta, ya tambayi lafiyar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce sai gobe. Shekara talatin yana kafinta a rumfa ɗaya, tsakanin mai faci da mai gyaran rediyo, da guntun fensir a bayan kunne, kuma har yau igiya ce ke riƙe da ƙofar rumfarsa.

Wannan mutumin ne ƙaddara ta haɗa da wata budurwa, Mai Digiri, kamar yadda 'yan gidan hayarsu ke kiranta. Watanta uku da kama aiki da kama ɗaki. Ranar Talata da rana tsaka, tana wurin aiki, aka shiga aka ɗauke mata kwamfuta da dutsen guga, har da cajar waya. Abin da ya fi ruɗa ta shi ne ta tarar da kwaɗonta a kulle, ko ƙwarzane babu. Tun ranar, ko kyanwa ce ta taka kwanon rufi sai gabanta ya faɗi. Mahaifiyarta kuwa ta yanke hukunci a waya: in ƙarshen mako ya zo ba a gyara ƙofar ba, yayanta zai zo ya kwashe ta, aikin ma a haƙura da shi.

Mai gidan ya jajanta sosai, ya yi addu'ar Allah ya mayar da alheri, sannan ya ce ba wanda zai huda masa ƙofa, ko da ƙusa ɗaya ce, don ƙofar nan ta girme ta. Ta haɗiye takaici, ta sayo kwaɗon da ya kai dunƙulen hannu ta rataya, ta nufi Baba don ya zo ya duba ƙofar. Laraba ya ce sai gobe. Alhamis ma haka. Ranar Juma'a ta ɗauki hutu, ta zauna a kan bencinsa cikin garin katako, ta rantse ba za ta tashi ba. Da ya ga babu sarki sai Allah, ya ɗauki jakarsa ya bi ta yana mita.

Ko kallon kwaɗon bai yi ba. Cokali ya ce ta ba shi. Ta miƙa masa tana cizon leɓe. Ya sa gindin cokalin a kan notunan da ke riƙe da ƙarfen da ake rataya kwaɗon, ya murɗa huɗun nan a natse. Ƙarfen ya saki, kwaɗon na reto a kulle, ƙofa ta buɗe.

"Kwaɗonki jarumi ne, 'yata," in ji shi, "amma gadin banza yake yi."

Ta shiga faɗa, tana tambayar wane marar tunani ne zai kafa ƙarfe ya bar kawunan notuna a waje, kowa na gani. Baba ya bar ta ta zazzage, ya sosa ƙeya.

"Ni ne, 'yata."

Ashe shekara ashirin da suka wuce mai gidan ne ya sa shi ya kafa ƙarafan a juye, duk ɗakunan goma sha biyu, don in ɗan haya ya yar da makulli kada a fasa masa ƙofa. Baba ya ce ya yi niyyar dawowa ya gyara, Allah bai nufa ba. Wai kuma ɓarayin wancan zamanin ba su taɓa lura ba, na yanzu ne duk 'yan makaranta irinta. Da ba don furfurarsa ba, ita kaɗai ta san abin da za ta faɗa.

Gyaran bai kai minti goma ba. Ya juya ƙarfen yadda in an rufe zai kwanta a kan notunan ya ɓoye su, ya sa dogayen notuna a tsofaffin ramukan. Mai gidan ya iso a fusace, ya duƙa ya ƙirga ramuka, ya ga huɗu ne kamar da. Sai ya koma tambayar wa zai buɗe in makulli ya ɓata. Ta ce wannan damuwarta ce, Baba mai gida.

Ta kira mahaifiyarta ta bidiyo, ta kulle, ta yi ta cusa cokali babu inda ya shiga. Tsohuwar ta sa ta maimaita sau uku kafin ta ce yayan ya yi zamansa.

Kafin ta kashe wayar, maƙwabta sun cika tsakar gida, kowa da cokali a hannu yana duba ƙofarsa. Matar ɗakin farko ta tare Baba a bakin zaure, tana roƙon ya fara da nata. Ya rataya jakarsa, ya mayar da fensir bayan kunne, ya tambaye ta lafiyar yara.