Gishirin da Inna Ta Jira

Lokacin da nake digiri na biyu a fannin kimiyyar sinadarai, aikina haɗa wani irin gishiri ne da ba ya zama gari. Ruwa-ruwa yake, mai kauri kamar zuma, ba ya ƙafewa, kuma yana jure zafin da zai ƙone man gyaɗa ƙurmus. Na dangin fosfoniyam muke ce masa. Ni dai auna kaurinsa nake yi, da yadda lantarki ke ratsa shi, don a ga ko zai yi amfani a batir ko a man inji.

Da yamma nakan hau keke napep in koma gidanmu a Tudun Wada, in tarar da mahaifiyata, Inna, a tabarma ta miƙe ƙafa. Tana da ciwon suga, ga wani ɗan gyambo a yatsan ƙafarta da ya ƙi warkewa. Wata rana ta tambaye ni amfanin wannan gishiri. Na gaji, kuma gaskiya ina da girman kai irin na 'yan boko sabbin shiga, ina ganin bayanin ya fi ƙarfinta. Sai na ce mata abu ne da zai taimaki mutane, na wuce ɗaki.

Ashe Inna ta ɗauka magani nake haɗawa. Farar riga ta gani, da safar hannu, da ƙananan kwalabe a hoton wayata. Me kuma za ta zata? Ƙanwarta ta yi ta fama da ita a je asibiti, ita kuwa sai ta ce a bari tukuna, 'yarta ta kusa gamawa. Na ji wannan magana da kunnena, ba sau ɗaya ba. Dariya na yi. Daɗi ma na ji, don ban taɓa ganin an dogara da ni haka ba.

Azumi ya wuce, damina ta sauka. Hankalina duk yana kan kwalabena, don gishirin nan akwai shi da zuƙar danshi, da ya zuƙa kuwa awon ya lalace. Ranar da na zauna wanke mata ƙafa, warin ne ya fara gaya mini. Yatsan ya yi baƙi.

Na ce, "Inna, abin nan ba magani ba ne. Na inji ne. Ko a fata ba a shafa shi."

Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Sai ta ce in miƙo mata mayafinta in tsayar da keke. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Mun kusa unguwar Kongo a hanyarmu ta asibiti ta ce, a hankali, tana kallon titi, "Da kin faɗa mini tun da azumi, 'yar nan, ai da na je."

Yatsu biyu aka cire mata.