Jan Layi Bakwai a Kafaɗar Soja

Ranar Talata, sha huɗu ga wata, ina buɗe shagona aka ce min ka rasu, Baba Mai Zare. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara ashirin bango ɗaya ya raba mu a kasuwar bakin bariki, ni da takalmana, kai da kekenka na ɗinki.

Kai ke ɗinka bajon kafaɗa na rundunar da ke kai wa mayaƙa abinci, mai da magani. Kai ka fassara min shi: tayar mota aikinsu ce, zangarniyar hatsi abincin da suke kaiwa, jan layi bakwai na ƙasa kuwa direbobi bakwai ne da aka kashe a kan gada, sun ƙi juyawa da kayan.

Ban manta ranar da sabon kwamanda ya aiko da zane mai layi shida ba, wai daga wani tsohon bajo da ya goge aka kwafa. Na ce, "Baba, ɗinka musu shidan mana, zare ma ya ragu." Ni ɗan kasuwa ne, abin da mai saye ya nuna shi nake miƙawa. Ka ɗinka ɗari huɗu, dukkansu da layi bakwai.

Ana gobe fareti kwamandan ya zo da kansa, soja biyu a bayansa, kwaɗon kulle ƙofa a hannun ɗayansu. Ni dai na shige bayan kwalaye.

Ya ce, "Tsoho, wa ya ba ka izinin ƙari? Ka gyara, ko yau shagon nan ya rufu."

Ka miƙa masa almakashi.

"Ranka ya daɗe, zan gyara. Amma ka zaɓa min wanda zan cire. Dogo ne, ko Mai Sarewa da ya bar 'ya'ya biyar?" Ka jero sunayen direbobin su bakwai, ɗaya bayan ɗaya.

Ya dubi almakashin, sannan ya ajiye shi a kan teburinka, ya ce wa sojansa, "Ɗauki kayan." Da bakwai suka yi fareti, da bakwai suke har yau.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yalwata kabarinka, ya yafe kurakuranka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Inna da 'ya'yanka da jikokinka. Allah ya ba su haƙuri, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.