Dajin da Gwaggo Tabawa Ta Tayar Daga Kututture

Shekara goma sha tara ke nan cif da muka kai Gwaggo Tabawa makwancinta, Allah Ya jiƙanta da rahama. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in tara 'yan'uwa mu yi mata addu'a, a dama kunu a raba ba. Bana kuwa addu'ar cikin zaure ba za ta ishe ni ba, sai na haɗa da rubutu, domin ana neman sa hannuna a takardar da za ta sayar da dajin da ta ƙare ƙarfinta a kansa.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Mijinta ya rasu da wuri, ta ƙi sake aure, ta riƙe kanta da sayar da itace da sassaƙen magani. Ƙauyenmu yana arewa da Minjibir, inda gona ke manne da gona, ko tsugunnawa za ka yi sai a gonar wani. Fili ɗaya ne ya tsira daga fartanya, wani tudu mai tsakuwa tsakanin burtali da maƙabarta, wanda ba mallakar kowa ba ne. Muna ce masa Saura. Can mata ke samo itace, can awakin gari ke yini da rani.

Sai fari ya zo, damina biyu a jere gero bai fitar da kai ba. Mutane suka afka wa Saura da gatari, suna loda itace a kan jakai su kai birni su auno tsaba. Ban ga laifinsu ba a lokacin, har yau ma ban gani ba. Kafin a ankara babu abin da ya rage sai kututture, kowanne da 'yan toho a gefensa waɗanda awaki ke gwaguya.

A lokacin ina sabon malamin firamare, kaina cike da littafi, ina jin duk garin ba wanda ya kai ni hangen nesa. Aka aiko mana da dashen itacen turare da darbejiya a cikin baƙar leda, aka ce a samu 'yan sa kai su dasa. Ni na tara matasa. Kuma ni, da bakina, na ce tunda dashe a layi ake yin sa kamar yadda na gani a hoto, sai mun tumɓuke kututturan nan tukuna fili ya yi fes. Kwana uku muna haƙa da diga, yunwa na cinmu, muna ta murna wai muna aikin lada.

Rana ta huɗu Gwaggo ta iso da igiyar itacenta a kafaɗa. Ta tsaya a kan wata saiwar marke da muka tono, mai kaurin cinyar ƙato, ta daɗe tana kallonta kafin ta ɗago kai.

"Kai ɗan boko, wa ya aike ka?"

"Gwaggo, itatuwa za mu dasa."

"To wannan da ka kashe, jaki ne?"

Matasa suka fashe da dariya, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta ce saiwar nan ta girmi ubana, ta riga ta kai inda ruwa yake, abin da take nema kawai a bar ta ta miƙe. Na cikin leda kuwa jariri ne, wa zai shayar da shi alhali a rijiyarmu sai an yi dogon layi kafin a cika tulu? Na buɗe baki zan kawo mata ilimi, ta ja layi a ƙasa da sandarta. Ta ce daga nan zuwa burtali nawa ne, in je in yi ta ilimina. Daga nan zuwa maƙabarta kuwa, duk wanda zai sa diga, ita zai fara haƙewa.

Dashenmu ko bazara bai gani ba. Gara ta ci wasu, awaki suka ci wasu, rana ta gama da sauran. A ɓangaren Gwaggo kuwa, ba ta zuba ruwa ko moɗa ɗaya ba, amma kafin shekara biyu kalgo da magarya da marke sun kai tsayin mutum. Na haɗiye girman kaina na je na durƙusa na ce ta koya mana. Ba zan ce ba ta yi min gori ba, ta yi har sai da ta gaji don kanta, sannan ta ce gobe mu zo da adda mai kaifi.

Aikin ba shi da wani asiri. A kowane kututture takan zaɓi toho biyu ko uku da suka fi miƙewa, ta cire sauran. Sara daga ƙasa zuwa sama ake yi, don kada ɓawo ya yage ya bi jikin itacen, kuma ba a aske rassa a wuce rabin tsayi. Abin da aka sare ba a ƙone shi a wurin. Mai ƙaya a kewaye tohon da shi saboda awaki, sauran kuma wanda ya yi aikin ya ɗaure ya kai gida, ladansa ke nan. Kafin ruwan farko a haƙa ɗan gurbi ta gefen da ruwa ke gangarowa. Bayan girbi a share hanya kewaye da dajin gaba ɗaya, ko wuta ta tashi daga gonaki sai ta tsaya a nan. Mai neman sassaƙe ya ɗiba ta gefe guda ya shafe wurin da laka. Wanda ya zagaye itace da wuƙa kuwa zai ji bakin Gwaggo, har kakanninsa ba sa tsira.

Ba ta taɓa hana kowa sara ba. Wani malamin daji ya taɓa zuwa da niyyar kafa allon hani, ta ce masa, "Ɗan nan, in ka hana mai yunwa, a ɓoye zai zo, shi kuwa mai sauri daga gindi yake sara. Bar su su zo da rana, ni zan nuna musu inda za su sa adda." Ya naɗe maganarsa ya tafi, da allon nasa a bayan keke.

Yau wuya ta sake dawowa. Takin zamani ya fi ƙarfin talaka, gonaki an yi ta raba su gado har wasu ba su fi shimfiɗar tabarma ba. Wani attajiri daga birni yana son ya sayi Saura a raba wa mutanen gari kuɗin, don ya sare itatuwan ya yi gawayi, ya yanka filin fulotai. Mai unguwa ya ce ba zai amince ba sai dattawan da ke kula da wurin sun sa hannu, ni ne kuma babbansu. Abin da ya fi ci min rai shi ne wanda ya kawo min takardar. Sale ne, jikan Gwaggo na cikinta.

Ya zauna a gabana cikin ladabi, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba Malam, 'ya'yana bakwai, abin da na girba ba ya kai mu wata huɗu. Da Kaka tana raye, wallahi da ta tausaya mana."

Na daɗe ina juya maganar nan, domin ba ƙarya ya yi ba. Da ta tausaya. Da ta juye masa geron da ya rage mata a ƙwarya ta yini da yunwa, na sha ganin ta yi haka. Amma da ta tambaye shi, ranar da rabonsa na kuɗin ya ƙare, ina matarsa za ta samo itacen girki, ina awakinsa za su yini idan bazara ta yi tsanani? Da ta ce masa ya tashi su je ta nuna masa rassan da suka isa sara, waɗanda zai iya ɗaurewa ya sayar bana, ya koma baɗi ya sake samu. Na gaya masa haka. Ya ce wannan ai cin ƙwarya-ƙwarya ne, shi ya gaji da shi.

To ni ban gaji ba. Kuma kada wanda ya zo ya koya mana yunwa. Na ga tsohuwar nan tana sara da ɗankwali ɗaure a ciki, ba abin da ta sa a baki tun safe sai kwaɗon tafasa, kuma ko sau ɗaya ba ta ce a sayar ba. Waɗanda ke cewa son itace ya hana mu tausayin mutane, su zo su ƙirga gidajen da ke hura wuta da itacen Saura kullum, su zo ranar da mai jego ke neman sassaƙen wanka, sannan su maimaita.

Gwaggo ba ta bar hoto ba, ba ta bar gona ba, ba wanda ya rubuta sunanta a ko'ina. Abin da ta bari shi ne dajin nan, da mu bakwai da muka iya aikinsa, ƙaraminmu ya haura hamsin. Ba na yaudarar kaina, na san ƙarfinmu ya ragu, na kuma san attajiri yana da hanyoyin da ba sai ya bi ta ƙofata ba. Duk da haka kowace Asabar da safe muna can. Wanda ya zo da adda za mu koya masa kyauta, wanda ya zo da igiyar awo a can zai tarar da mu.

Sale bai zo addu'ar bana ba, karo na farko tun rasuwarta. Na yi ta duban ƙofar zaure har aka shafa fatiha, kuma ya yi min ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Sale, in wani ya karanta maka wannan, ƙofata a buɗe take, abin da ke rumbuna mu raba. Takardarka kuwa tana nan a ninke yadda ka bar ta. Ka zo ka ɗauki abarka, ban sa hannu ba.