Ranar da Aka Hau Sorona Ba a Yi Shela Ba

Na ga abubuwa da yawa a zamana na garin Ƙofa, wasu sun bi iska, wasu sai an tuna mini. Amma ranar da aka hau sorona ba a yi shela ba, ko gigin tsufa ya kama ni ba na jin za ta fita daga raina. Ni ban yi boko ba. Ina faɗa ne ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana.

Gidanmu ne mai soron sama a unguwarmu. Marigayi maigidana ya gina shi da ƙasa da azara tun muna da ƙarfi, har yau kuma babu ginin da ya kamo shi a tsawo. A kan rufinsa nake shanya kuɓewa da barkono da tumatir, kullum sai na hau sau biyu. Daga can ana hango gonaki har wajen hanyar Bagauda, ana kuma ganin tsakar gidan maƙwabta tas, har da banɗakunansu, tunda namu na ƙauye ba rufi gare su ba. Shi ya sa namiji ba ya hawa haka nan kawai. Ko magini ne zai yi yaɓe, sai an aika gida-gida tun ana gobe, in ya zo kuma ya tsaya a matakala ya ɗaga murya sau uku, "Za a hau sama! Mata a kimtsa!" sannan kansa ya bayyana. Haka muka taso muka gani.

Wata shekara bayan kaka, sai ga mutum uku sun yi sallama a zaurena, dukkansu 'ya'yan garin nan. Akwai malamin lissafi na sakandare, mutum mai sanyin magana. Akwai mai gyaran waya na bakin kasuwa, wanda bakinsa ba ya rufuwa. Sai wata mace da ta yi karatun lantarki a Kano, suna ce mata Injiniya. Suka ce sun haɗa ƙarfi da wasu 'yan'uwansu sun jawo intanet zuwa makaranta, yanzu so suke su raba shi ga gari ta iska, daga wuri mai tsawo zuwa wuri mai tsawo, kowa ya samu a wayarsa. A lokacin sabis a unguwarmu sai an fita bakin titi ana ɗaga waya sama, 'yan makaranta kuwa in za su yi rajistar jarrabawa sai sun hau mota. Sorona suke so su kafa ƙarfensu.

Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Nawa za ku riƙa karɓa a hannun mutane?"

Malamin ya ce, "Ko sisi, Iya."

"To me za ku ci a ciki?"

Mai gyaran waya ya ce, "Lada, Iya. In kuma an samu ɗanwake ba ma ƙi."

Na ce, "Kai dai na san uwarka, ita ma haka take da surutu. Ku tafi, zan yi tunani."

Kwana tara na bar su suna zarya. Duk unguwa an san ni da sa ido da faɗa, ni ake kawo wa ƙarar marar kunya, ba zan buɗe gidana don an yi mini daɗin baki ba. Na bincika, aka ce mini ranar hutunsu suke kashewa a wannan aiki, har mai gyaran waya yana rufe shagonsa. Sannan na yarda, na kafa musu sharuɗɗa. Kada a taka mini shanya. Kada a buga ƙusa a azara. Kada a jingina da zanko, ya tsufa. Na lissafa komai ina jin ni ce mai hankali, na bar babban a baya. Ban ce musu a yi shela ba, ban kuma aika wa maƙwabta ba. A raina, wane ɗan Ƙofa ne bai san wannan ba? Na manta su a gidajen kwano suka girma, inda babu wanda yake hawa sama.

Ranar Asabar da hantsi mazan biyu suka zo da kayansu: doguwar sandar ƙarfe, wani farin abu mai kama da faifai, allon sola da batir, da ƙaramin akwati. Injiniya tana can makaranta, ita za ta riƙa gaya musu ta waya inda za su juya faifan. Na nuna musu matakala, na shiga madafi ina kwaɓa musu ɗanwaken nan da aka roƙa.

Ban saki na farko a tukunya ba na ji salati da kururuwa daga gidan gabas.

Gidan Malam ne, limamin unguwarmu. Matarsa, wadda kowa ke kira Gwaggo, aminiyata ce ta fiye da shekara talatin. Tsakanin gidana da nasu akwai 'yar ƙaramar ƙofa a jikin katanga, ta nan muke shiga wa juna. Ta nan aka kira ni duk haihuwar da aka yi a gidan, ta nan Gwaggo ta riƙa shigowa tana kwana da ni lokacin da nake takaba. A ranar, surukarta tana da kwana goma sha biyu da haihuwa, Gwaggo tana yi mata wankan jego a bayan ɗaki. Ta ɗaga kai don ta share gumi, sai ta ga namiji tsaye a kan sorona, rungume da ƙarfe, ya fuskanto gidansu sak, domin ta can wajen ne makarantar take.

Na fito da hannu duk ƙulli. Mai gyaran waya ya sauko yana tuntuɓe, fuskarsa ta yi fari fat. "Wallahi Iya ban ga komai ba sai tururi! Idona na kan faifan!"

Na yi musu tatas. Na ce ba su da tarbiyya, na ce karatun da bai koya wa mutum kunya ba asara ne. Malamin lissafi ya sunkuyar da kai. Da na gaji na yi shiru, ya ce a hankali, "Iya, da mun sani da mun yi." Maganar ta shige ni, amma a lokacin ban nuna ba.

Kafin la'asar na ji ana jan abu a jikin katanga. Na leƙa, na tarar an toshe 'yar ƙofar da fallen kwano, an danne da turmi ta wajensu. Na daɗe tsaye ina kallon kwanon nan. Washegari kuma magana ta cika unguwa, wai farin faifan yana da ido, yana ɗaukar hoton mata yana aikawa Kano. Malam ya aiko cewa a sauke shi kafin Juma'a, in ba haka ba zai kai magana gaban mai unguwa, ƙofar kuma zai sa a liƙe ta da tubali.

Kwana huɗu ban ji muryar Gwaggo ba sai daga nesa. In na yi miya na zuba a kwano na nufi katanga, sai na tuna, na dawo da ita.

Ranar Laraba su ukun suka zo da sufana za su kwance kayansu. Injiniya ta ce, "Iya, mun duba ko'ina, babu wurin da ya kai nan. Amma ba za mu raba ki da maƙwabtanki ba. Unguwar nan ta haƙura kawai."

Na ce, "Wa ya ce ku kwance? Ku zauna a zaure, kada wanda ya motsa."

Na yafa mayafi na zaga ta waje. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa shiga gidan Malam ta zaure ba, ranar na tsaya a bakinsa ina sallama kamar baƙuwa. Yana zaune kan buzu. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, kowa yana jiran ɗan'uwansa.

Na ce, "Allah gafarta Malam, laifin nan nawa ne. Ni ce mai soro, ni ya kamata in aiko, ban aiko ba. Yaran ba su san al'adar ba, ni kuwa na sani."

Ya ɗago ya dube ni, don bai taɓa jin na ce na yi laifi ba. Ya ce, "Hajiya, abin da ya wuce ya wuce. Amma an ce mini duk mako sai an hau an goge allon nan saboda kashin tattabaru. Duk mako iyalina za su riƙa gudu ɗaki? Ga kuma maganar ido."

"In mace ce za ta riƙa hawa fa?"

"Wace mace?"

"Ni."

Ya kusa yin dariya. "Da wannan gwiwar taki?"

"Da ita nake hawa shanya kullum, ban taɓa jin ka yi ƙara ba. Maganar ido kuma, ni ma ban sani ba, ba zan rantse maka a kan abin da ban sani ba. Ka ba ni Gwaggo mu hau ta duba da kanta. In ta ce a sauke, da hannuna zan jefo shi ƙasa."

Ya ja carbi ya ja, sannan ya ce a kira ta.

Mu uku muka hau, ni da Gwaggo da Injiniya. Gwaggo ba ta kalle ni ba, tana haki tana cewa ita ba don Malam ya ce ba da ba ta zo ba. Injiniya ta ƙarasa haɗa abin da mazan suka bari, ta buɗe akwatin ta nuna mata ciki, wayoyi ne da 'yan fitilu. Gwaggo ta shafa faifan gaba da baya, ta ƙwanƙwasa shi, ta kanga kunne. Ta ce, "Ni ban gane komai ba. Ido ai ana ɓoye shi."

Sai ta kwance tsohon zanen da ta ɗaura a kan na jikinta, ta lulluɓe faifan da shi ruf, ta ƙulle ta baya kamar mai ɗaure bakin tulu. Ta ce, "To, in da gani yake aiki, yanzu ya makance. 'Yar nan, gwada mu gani."

Injiniya ta haɗa wayarta da intanet ɗin faifan, ta tambayi Gwaggo wa take so ta gani. Gwaggo ta ce autarta, wadda aure ya kai Fatakwal. Aka nemo lambar, aka kira. Sai ga fuskar yarinyar ta cika wayar, tana ihu, "Gwaggo! Ke ce? Ina kike haka, sama nake gani a bayanki!" Gwaggo ta zauna daɓas a kan barkonona. Ta dubi wayar, ta dubi zanen da ke ɗaure, ta sake duban wayar. Da suka gama ta goge ido da bakin mayafi, ta juyo gare ni karo na farko cikin kwana huɗu.

"Yaya, kin ga ta rame ko?"

"Ba ta rame ba. Tashi daga kan barkonona."

Zanen ya yi wata guda a wurin. Injiniya ta ce a bar shi har hankalin kowa ya kwanta, daga baya Gwaggo da kanta ta hau ta kwance abinta, wai ba za ta bar wa rana zane mai kyau ba.

A ranar Injiniya ta koya mini aikina. Allon sola da tsumma mai laushi da ruwa ake goge shi, ban da toka, ban da soson ƙarfe. Fitila in koriya ce lafiya. In ta yi ja, in zare baƙar igiya, in yi salati goma, in mayar. In ta ƙi, in aika a kira ta, ita za ta hau. Ta sa na yi sau uku a gabanta. Na ce mata ban taɓa riƙe alƙalami ba, ta ce wannan aikin ido yake so, kuma an gaya mata duk Ƙofa babu mai irin nawa. Ban tabbata yabo ba ne, amma na karɓa.

Mazan biyu kuwa na tasa su gaba har zauren Malam suka durƙusa suka ba da haƙuri. Da muka dawo na tsayar da mai gyaran waya a gindin matakala na ce ya yi shelar in ji, saboda ranar da aikin zai fi ƙarfin mata. Ya yi da 'yar murya kamar mai ciwon haƙori.

Na ce, "Bakin da ke cika kasuwa ne wannan? Sake!"

Ya buɗe maƙogwaro, "Za a hau sama! Mata a kimtsa!" har kajin gidan suka watse. Daga bayan katanga muka ji Gwaggo ta ce, "Mun ji, ɗan nema! Da haka ka yi tun farko!" Sai ƙarar turmi ana mirginawa, aka janye kwanon, ga ta ta sunkuyo ta 'yar ƙofar da kwaryar kunun kanwa na mai jego, ta miƙa masa ta ce ya sha ya wanke tsoro.

Yau shekaru ke nan, ƙarfen yana nan, ni ce mai goge shi. Da yamma ƙofar gidana cika take da masu waya, ina korar masu hayaniya, ina barin masu karatu. Su ukun sun kafa wasu a garuruwan da ke kusa, kuma na ji duk inda suka je yanzu, kafin su sauke kaya sai sun nemi tsohuwar unguwa sun tambaye ta abin da ake yi da abin da ba a yi.

Abin da na koya ban koye shi da daɗi ba. Shekara da shekaru ina zaune ina jiran na baya su yi kuskure in yi faɗa, ina ganin wannan shi ne tsare tarbiyya. Ashe abin da na sani ban faɗa ba, in aka taka shi, rabin laifin nawa ne, kuma ya kusa raba ni da aminiyata. Yaran nan sun zo da abin da suka sani suka ba ni kyauta, ba su jira na kunyata ba. Tun daga ranar, in na ga yaro zai hau inda bai sani ba, tun yana ƙasa nake gaya masa. Faɗan dai ban daina ba, amma yanzu kafin a yi nake yinsa.