Malam Dauda da Kwafin da Yake Kaiwa Gwaram

Ina shan koko da safen nan ɗansa ya kira ni: Malam Dauda ya rasu bayan sallar asuba a gidansa na Gwaram. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na ajiye kofin, ban sake ɗauka ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne tsohon mai rajista a ofishin ƙungiyar manoman da nake wa aiki a Birnin Kudu. Wa ke da wace gona, ina iyakarta, wa ya gada, wa aka ba kyauta, daga Surko har Gwaram, duk a hannunsa suke. Ya fara aikin tun zamanin da kuɗin mai ya fara shigowa, lokacin da komai a takarda yake, gara na ci, yoyon rufi na ci. A nan ya koyi kwafe littafi kafin ya ruɓe.

Da aka kawo kwamfuta, ni aka ɗauko in kula da ita. Na zo da takardar makaranta da girman kai. Ya sa min suna Injiniya, har yau ban gane ko yabo ne ko tsiya ba.

Da yatsa ɗaya yake danna kwamfuta, amma tsarinsa ba ya tashi. Kwafin rajista iri uku ne a wurinsa: ɗa, uba, kaka. Ɗa shi ne na kullum, ana goge shi bayan mako. Uba na mako-mako, ana goge shi bayan wata. Kaka kuwa na ƙarshen wata, shi yake sawa a faifai, ya naɗe a tsohuwar hula, ya hau babur ya kai Gwaram ya kulle a akwatin ƙarfe.

Kuma ba ya goge tsohon kwafi sai ya buɗe sabon, ya rubuta sunan mahaifinsa, Malam Garba, ya ga gonarsa ta fito da iyakokinta. Sannan ya ce bisimillah ya goge.

Ni abin dariya yake ba ni. Na ce, "Malam, ai na'urar ta ce ta kwafa."

Ya ce, "Ta ce. Ni ban gani ba."

Da wurin ajiya ya fara ƙarewa a kwamfutar, sai na yi wayo. Na saita ta ta riƙa goge duk kwafin da ya wuce mako biyu da kanta, ba sai an tambayi kowa ba. Lokacin ɗa da uba sun dawo hannuna, kaka kaɗai ke wurinsa. Ban gaya masa ba, don na san zai ce a'a.

Sai ga ranar da babban faifan kwamfutar ya mutu. A makon ne kuma wata dattijuwa daga Wurno, Inna Hassi, ta zo neman shaida. Mijinta ya rasu, 'yan'uwansa sun ce fadamar da take noma albasa aro ce aka ba shi. Ita ta ce kyauta ce, kuma an rubuta a wurinmu. Mai unguwa ya ba ta zuwa Juma'a ta kawo takarda, in ba haka ba a raba.

Na ce mata ta zauna, minti biyar ne.

Na buɗe kwafin jiya, babu komai a ciki. Na shekaranjiya, haka. Duka sha huɗun suna nan da sunansu da kwanan watansu, tsaf, amma fanko. Ashe tun wani ɗauke wuta da aka yi, na'urar suna kawai take rubutawa. Masu kyan kuma ni na sa aka goge su.

Gumi ya jiƙa min riga. Inna Hassi tana kan benci tana gyara mayafi, tana jira.

Malam Dauda ya leƙo ta kafaɗata. Ya ce, "Injiniya, ka buɗe kuwa kafin ka goge?"

Na ce, "Ban buɗe ba, Malam."

Ya ce, "To."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya ce wa Inna ta je ta yi azahar ta dawo, ya tada babur. Bayan la'asar ya shigo da hular nan a aljihu. Muka sa faifan, ya rubuta Malam Garba da yatsansa ɗaya, ya fito. Sannan muka nemi sunan mijinta. Kyauta ce, ga shaidu biyu.

Ni ta riƙa sa wa albarka, don ni na miƙa mata takardar. Na karɓa kuwa, ko kunya babu.

Kwana huɗu muka yi muna sake shigar da abin da ya ɓata daga takardu. Bai gaya wa shugaban ƙungiya ba, bai taɓa tada maganar ba ko a wasa.

Ganina da shi na ƙarshe ranar kasuwar Gwaram ce, bayan Sallah. Ya rame, yana kishingiɗe a kan tabarma a zaure. Ko iyali bai gama tambaya ba ya ce, "Ya ajiya?"

Na ce, "Yanzu ba na goge komai, Malam. Na sayi babban faifai, duk ina tarawa."

Na ɗauka zai yaba. Sai ya girgiza kai.

"Wannan tsoro ne, Injiniya. Ranar da aka nemi abu a tarin nan, ba za ka san wanne ne na gaskiya ba. Ka duba, ka goge."

Ya sa aka ɗauko akwatin ƙarfen ya ba ni, har da hular.

Wata huɗu ke nan ina cewa gobe zan duba in goge.

Yau da muka dawo daga jana'iza na biya ofis. Na buɗe sabon kwafi, na rubuta Malam Garba, ya fito. Sai na rubuta Malam Dauda. Shi ma ya fito, gona ɗaya a hanyar Gwaram, layin magada ba a cike ba tukuna. Na daɗe ina kallon layin.

Sannan na ce bisimillah, na goge tsofaffin.

Allah ya jiƙan Malam Dauda, ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa min, ya shafe kurakuransa, ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah kada ya wuce bai sa shi a addu'a ba.