Magogin Goron Kaka Saraya

Ranar Lahadin godiyar girbi ta 1976, a ƙauyenmu kusa da Fadan Kaje, ina 'yar shekara tara, na kunyata kakata a gaban matan Zumuntar cocinmu. Har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse a ƙasa.

Kaka Saraya, uwar babana, haƙoranta na gaba suna nan jajaye, amma na tauna duk sun zube, kuma ba ta yarda kowa ya sani ba. A cikin mutane sai ta jefa ɓarin goro a baki ta yi ta motsa muƙamuƙi kamar akuya mai tuƙa, in an kau da ido ta fito da shi ta ƙulle a bakin zane. A gida ne, bayan mun tsaga citta mun shanya, take tura ni ƙarƙashin rumbu in ɗauko magoginta, murfin gwangwani da ta huhhuda da ƙusa, in goge mata goron ya zama gari. Ina tsokanarta, tana ce mini mara kunya, muna dariya. Ai jika da kaka abokan wasa ne.

Ran nan da aka tashi sujada, mata suka zauna a gindin mangwaro ana raba goro. Wata tsarar Kaka ta ce tsufa ya gama da su, Kaka ta buga ƙirji ta ce ita kam ko gasasshiyar masara ba ta gagare ta ba. Ni da nake so a ce ina da ban dariya, na ruga gida na dawo, na durƙusa kamar mai ladabi na miƙa mata magogin a tsakiyar taro. Dariya kam an yi, har matar fasto tana share hawaye. Kaka ma ta yi, hannunta a kan baki. A hanyar gida ba ta zage ni ba, cewa kawai ta yi, "Ladi, wasan tsakar gida ba a kai shi kasuwa." Daga ranar in an miƙa mata goro a taro sai ta ce ta daina ci, kuma ba ta ƙara aikena ƙarƙashin rumbu ba, da kanta take rarrafawa.

Yanzu ina goyon na biyu, na riga na rasa haƙori ɗaya. Babbar 'yata bakinta ya buɗe, duk abin da ta gani a ɗaki sai maƙwabta sun ji, kullum ina tsoron ranar da za ta tona ni. Kaka ta rasu ban ba ta haƙuri ba. A lokacin na ɗauka tsohuwa ba ta jin kunya.