Cakulan ɗin Baban Injiniya

"Wallahi yau sai kwalin nan ya bar min falo! Kiyashi har cikin filona!"

"Taɓa shi ki gani. Abin da Injiniya ya aiko da hannunsa?"

Mai ɗinki ta ɗage ƙafa daga keke, ta matso da kunne jikin bango. Shekara huɗu tana maƙwabtaka da tsohon nan da matarsa, shekara huɗu tana shan labarin kwalin.

Tsohon masinja ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana buɗe wa manya ƙofa, ba wanda ya taɓa tambayar sunansa. Ranar da ɗansa ya tafi karatu waje ya raɗa wa kansa Baban Injiniya, tun yaron bai sauka daga jirgi ba. Yaro ya yi waya sau biyu, sai shiru. Unguwa ta fara ƙus-ƙus. Ana haka sai ga kwalin cakulan mai ruwan zinare a kabad ɗinsa mai gilashi, daidai inda idon mai shigowa zai fara sauka. Baƙo sai dai ya ci da ido; a hannu alawa ɗaya ake ba shi, wadda ta manne da ledarta.

Rana ce kawai tsohon bai yi shawara da ita ba. Kullum da azahar sai ta leƙo ta taga ta zauna kan kabad. Cakulan ya narke, sanyi ya zo ya daskare, zafi ya dawo ya sake narkewa. Bana dai ya gaji, ya tsiyayo ta kusurwa, ya ɓata ƙyallen da ke ƙarƙashin kwalin.

"Maƙwabciya!" matar ta ƙwala kira. "Zo ki ga farin ƙyallen da kika ɗinka mana!"

Mai ɗinki ta ruga, wai jajen ƙyalle. Cikin kwalin take son gani.

Kafin tsohon ya kare, matar ta fizge murfin. Dunƙule ɗaya ne, ya yi fari-fari kamar furfura, yana warin tsohon sabulu. Ya wafce kwalin ya rungume. Da ya karkata shi ne mai ɗinki ta hango 'yar takardar da ke manne a ƙasa: tambarin kantin bakin titi, inda take sayen zare.

Ta ɗago, suka haɗa ido da tsohon. Matar ta duƙufa kan ƙyallen tana ta kankara, har inda babu tabo. Ashe ita ma ta sani. Shi kuwa ya san kafin la'asar mata biyar za su zo gwajin kaya gidan mai ɗinki, kuma bakinta ya fi kekenta gudu.

Bai taɓa raka ta ba, yau ya raka ta. Ya buɗe mata ƙofa har da ɗan rusunawa, irin ta da.

"Kin dai gani da idonki, 'yata," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Abin can waje ba ya jure zafin nan namu. Shi ya sa nake hana yaron dawowa."